Taswirar Jirgin Zinariya

Batsari,
Litinin, 20 ga Agusta, 1984.

Zuwa ga Malam Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da iyali, da ɗalibanka masu cinye maka alli. Gaisuwar yau gajera ce, ka yi haƙuri.

Malam, takardata ta ranar Asabar ta iso ka kuwa? Sammani, mijin ƙanwata Hansai, na ba ita kamar kullum, ya soke ta a bayan madubin a-kori-kurarsa ya kama hanyar Safana da buhunan gero. Yau kwana biyu ke nan, babu shi babu motar. A tasha kowa na tambaya sai ya tuna yana da alwala. Daga ƙarshe wani kwandasta ya ja ni bayan rumfar mai faci ya ce ya ga motar a gefen shingen sojoji na bayan gari, tayoyinta a sace.

In gero suka riƙe, wannan mai sauƙi ne. Takardar ce ke hana ni cin abinci. Bari in maimaita maka abin da na rubuta, ka karanta shi da idon soja, ba da idon alƙalin wasa ba:

"Zuwa ga Alƙalin Taurari. Zinariya ta sauka Yasore ta sha tan arba'in na ɗanyen mai, ba a tace ba. Ba za mu tsaya a tashar hukuma ba. Za mu bi ta bayan masu sintiri, mu yi tsalle ɗaya mu tsallake iyaka kafin su farga. Na jefa, na ci goma sha ɗaya. Kyaftin."

Ka ji fa! Ni da kai mun san Zinariya jirgin sama jannati ne da babu shi sai a cikin kwalin wasan nan da ka ɗauko mana daga kwas ɗinka na Ingila. Mun san Yasore ɗin da nake nufi wata duniya ce a kan takarda, ba Yasore ta manoma ba. To wa zai gaya wa mai bindiga haka, a shekarar da aka rufe iyaka, rediyo kuma kullum yana faɗin sabuwar dokar da ta ce wanda aka kama da fasa-ƙwaurin fetur ransa ne a bakin hukunci?

Sammani ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Shekara biyu yana kai mana takardu yana zaton gaisuwa ce da cigiyar lafiya. Babu sunana a jiki, babu naka, amma ai bakinsa yana jikinsa.

Ina zaune a rumfa tsakanin galan-galan na baƙin mai da tayoyin keke, duk motar da ta rage gudu sai in leƙa in ga ko soja ne. Ɗazu mai rake ya yi mini sallama daga baya, saura kaɗan in haɗiye goro da ɓawonsa.

Wannan na ba Hamma dillalin dabbobi, tunda hidimar ragunan layya ta sa kullum yana kan hanya. A cikin malafarsa ya cusa ta. Ka ba shi amsa, ka ƙona wannan.

Naka,
Armaya'u.

*

Safana,
Talata, 21 ga Agusta, 1984.

Zuwa ga aminina Armaya'u,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da fatan ka sami natsuwa. Iyali suna amsawa.

Takardar Asabar ba ta zo ba. Na bincika a wurin wani ɗan sanda da ƙanensa ke ajina, ya tabbatar mini cewa Sammani yana tsare a tantin sojojin da ke shingen. An sami takardar a motarsa. An tambaye shi wanda ya ba shi, ya ce wani fasinja ne a tasha, bai san sunansa ba. Sau uku ana tambayarsa, amsar ba ta canja ba. Ka san darajar surukin da Allah ya ba ka.

Ban ga abin tashin hankali har haka ba. Kuskure ne, kuskure kuwa bayani ke gyara shi. Gobe da safe zan nemi izini a wurin hedimasta, in ɗauki kwalin gaba ɗaya, da littafin dokoki, da 'ya'yan lido, da taswira, da takardunka na baya da nake tarawa, in kai wa shugaban sojojin. An ce laftana ne mai ilimi. Duk wanda ya ga hoton jirgi a bangon littafin, ya kuma ga Turancin da ke ciki, zai gane wasan manya ne, ko caca ba a yi da shi.

Laifi ɗaya nake ganin nawa ne. Ranar da ka ce sunayen duniyoyin cikin littafin suna karya maka harshe, ka zana mana taswirarka ka sa musu sunayen garuruwanmu, da ban yarda ba. Na yarda ne don na ga wasan ya fi shiga ranka haka.

Ka je ka kwantar wa Hansai da hankali. In Allah ya so, gobe da yamma mijinta yana gida.

Ban ƙona takardarka ba. Ban ga abin ɓoyewa a cikinta ba.

Ka huta lafiya.
Yusha'u.

*

Batsari,
Talata da la'asar.

Malam,

Salama da gaisuwa. Hamma bai ko sauke malafarsa ba na sa shi ya juya, har yana zagina da Fulatanci, yana cewa shi dillalin raguna ne ba gidan waya ba.

Ka je, Allah ya ba da sa'a, amma don girman Allah ka bar taswirar a gida. Ka kai littafi, ka kai 'ya'yan lido, ka kai kwalin da hotonsa, sun isa. Me soja zai yi da zanen ɗan kasuwa? Kai ma ka sha cewa da'irorina sun fi kama da ƙosai. Kunya za ta ba mu kawai. Kuma ka ga jan biro ya yi yawa a jiki, su kuwa mutanen nan ba sa son ganin ja a takarda.

Tsofaffin takarduna ma ka bar su. Mutum in ya kai wa hukuma takarda ɗaya, tambaya ɗaya za a yi masa. In ya kai talatin, sai ya kwana yana amsawa. Wannan ba a makaranta ake koyonsa ba, a tasha ake koyonsa, ka karɓa daga gare ni.

Ban je wurin Hansai ba. Na kama hanya har na hango ƙofar gidan, na ga mata suna shiga da mayafai kamar gidan makoki, sai ƙafata ta kai ni masallaci.

Taswirar, Malam. Ka ninke ta ka sa a ƙarƙashin katifa. In ka ga dama ka jefa ta a murhu, zan zana maka wata wadda ta fi ta kyau.

Naka da gaggawa,
Armaya'u.

*

Safana,
Alhamis, 23 ga Agusta, 1984.

Armaya'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta wajibi kawai zan yi maka yau.

Hamma ya tsaya cinikin raguna a hanya, takardarka ba ta same ni ba sai jiya da yamma, bayan na dawo daga shingen. Da na karanta ta sai na gane abin da na kasa ganewa a gaban laftanan.

Ga yadda aka yi. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni benci. Na juye kwalin a kan teburinsa. Na ce masa wasa ne na baka da takarda. Mutum ɗaya shi ne alƙali, yana faɗin abin da ke faruwa, ɗayan shi ne kyaftin, yana faɗin abin da zai yi, 'ya'yan lido kuma su raba gardama. Ya ce to mene ne tsalle? Na ce taurari suna da nisan da haske kansa sai ya yi shekaru yana tafiya kafin ya kai daga wannan zuwa wancan, don haka a cikin wasan an ƙaga wa jirgi injin da ya fi haske sauri. Na ari hankicinsa na shimfiɗa, na ɗora tsakuwa a wannan gefe, na ce wancan gefen take son zuwa. Maimakon in tura ta, sai na ninke hankicin gefe ya taɓa gefe. Na ce wannan shi ne tsalle, kuma kowane ɗaya yana shanye rabin tanki.

Ya yi dariya, ya ce to ina gidan man? Na ce hanya biyu ce. Ko ka sauka a tashar hukuma ka sha tatacce, a duba takardunka, ko ka nemi wata ƙatuwar duniya wadda duk iska ce babu ƙasa, ka tsoma cikin jirgin a samanta ka kamfato ɗanye, kamar mai ɗiban ruwa da ƙwarya. Ɗanyen kyauta ne, amma yana iya sa injin ya yi tuntuɓe a tsakiyar tsalle, ya jefa ka inda babu tauraro ko ɗaya. Na ce kyaftin ɗinmu kullum ɗanye yake sha. Ya ce, "Ashe can ma akwai irinsu."

Wallahi a lokacin na ɗauka an gama. Har ya aika a kawo Sammani. Na gan shi, ya rame, amma a tsaye yake. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Sai laftanan ya buɗe taswirar. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo tasa daga jaka ya shimfiɗa a gefe. Ya bi layin da ka ja daga Babban Duhu, ta Tsaskiya, ta bayan Yasore, har inda ya fita ta saman takarda. Ya ce, "Malam, wannan ba hanyar taurari ba ce, burtalin shanu ne, kuma jakuna ke bin sa da jarkoki." Ya ɗora yatsa a kan jajayen ɗigon da muke kira jiragen sintiri, ɗaya bayan ɗaya, duk suna daidai da shingayensa. Ya tsaya a kan na ƙarshe ya ce, "Wannan sati uku ke nan da muka koma wurin. Wa ya gaya wa taurarinku?"

Na tuna takardarka ta farkon wata, wadda ka ce in matsar da jirgin sintiri gida biyu zuwa arewa don wasan ya ƙara daɗi. Da hannuna na matsar. Takardar kuma tana cikin waɗanda na kai masa.

Bai tsare ni ba. Ya ce ya yarda ni malamin makaranta ne da aka yi wasa da hankalinsa, kalmar da ya faɗa ke nan. Ya ce bai damu da direba ba, kyaftin yake so. In kyaftin ya zo da ƙafarsa kafin azahar ɗin Talata, Sammani ya tafi gida. In bai zo ba, ranar Talatar motar da ke kai mutane kotun soja a Kaduna za ta tafi da wanda aka kama da takarda a hannu. Ya tambaye ni sunan kyaftin. Na ce a ba ni zuwa Talata. Ban san dalilin da ya sa ya yarda ba.

Tun muna aji uku nake tare maka faɗa. Ka gaya mini gaskiya, shekara biyu ina alƙalancin me?

Yusha'u.

*

Batsari,
Asabar, 25 ga Agusta, 1984.

Zuwa ga Malam Yusha'u, wanda ban cancanci in kira amini ba yau,

Assalamu alaikum. Na karanta sau huɗu. Babu ƙarya ko ɗaya a maganar laftanan.

Amma ka bari in faɗi nawa. Ban yi amfani da kai don in aika wa kowa saƙo ba, na rantse da wanda raina ke hannunsa. Ranar da ka ce in zana sararin sama, na zauna da farar takarda na rasa ta inda zan fara. Ni me na sani game da taurari? Abin da na sani shi ne inda ake ratsewa, da inda ake jira, da inda ake kashe fitila. Sai na zana wannan. Kuma in gaya maka abin kunyar, daɗi nake ji. Abin da ba ni da wanda zan yi wa alfahari da shi a Batsari, sai in yi maka shi a takarda, kai kuma ka rubuto ka ce, "Kyaftin, dabararka ta yi." Malamin da ya je Ingila yana yaba mini! In shinge ya tashi ya koma wani wuri sai in ji taswirata ta zama ƙarya, ba na iya haƙuri sai an gyara.

Tun da aka yi dokar nan na daina bin jakuna, Allah shaida. Sai dai ragowar kaya. Duro biyu ne cike da fetur, a binne a ƙarƙashin tsohon rumbun da ke bayan ɗakina, na rufe su da kara da taki.

Malam, kwana biyu ina neman yadda zan rabu da su. Na je wurin mai injin niƙa na ce kyauta, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu ya ce bai ji ba. Masu mashin da a da suke layi a rumfata da kwalabe, yanzu in sun hango ni sai su sauya hanya. Na yi tunanin in tuttular a masai, na tuna tsohon maƙwabcinmu da ke shiga bayan gida da sigari a baki. Na yi tunanin kududdufi, shanun unguwa nan suke sha. In ƙona, hayaƙin zai kai shinge kafin in kai ƙofar gida. Jiya da rana ta yi zafi warin ya taso ta cikin takin, uwargida tana hura wuta taku goma daga wurin. Na fizge itacen daga murhu na watsa ruwa, ta tsaya tana kallona, ta ce ko in kira mai ruƙiyya.

Shekara biyu Zinariya tana yawo tana neman inda za ta sha mai. Ni ga shi har ya yi mini yawa, na rasa inda zan kai.

In na je wurin laftanan, gidan nan za su fara zuwa. In suka ɗaga rumbun, ka san sauran. Ba ɗauri ake magana ba, Malam. Jiya na wuce mahauta na ga an jingina turke a bango, sai na tuna irin wanda ake ɗaure mutum a jikinsa a harbe shi.

Ga shawarar da nake juyawa, ka auna mini. Hanyar nan dai ni na zana ta, na san inda ba su sani ba. In na tashi gobe, jibi ina Maraɗi. Daga can sai in rubuto wa laftanan da sunana da komai, in ce ni ne kyaftin, Sammani ɗan aike ne kawai. Ka ga ya sami sunan da yake so, ni kuma wuyana yana jikina. Me ka gani? Ai takarda ma shaida ce, ko ba haka ba?

Kada ka gaya wa Hansai komai tukuna.

Naka, in har yanzu kana karɓa,
Armaya'u.

*

Batsari,
Lahadi.

Yaya Armaya'u,

Ina gaishe ka da girmamawa kamar yadda aka koya mini. Ni ce Hansai. Matar malamin asibiti ce ke rubuta mini, na ce kada ta gyara ko kalma ɗaya.

Tsakanin gidana da naka gida bakwai ne, amma sai da takarda zan same ka. Kwana takwas kowa ya zo jaje har mai gyaran agogo, ban da wanda muka fito ciki ɗaya.

Jiya aka bar ni na kai masa tuwo. Bai ci ba, ya ba wani da ke tsare tare da shi. Na ce masa, Sammani wa ya ba ka takardar nan? Ya ce fasinja. Na ce ni ma fasinjan za ka gaya wa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hansai, yayanki yana da 'ya'ya shida, mu muna da biyu." Abin da ya faɗa ke nan. Ka ji irin lissafin da yake yi maka a can.

Ban je wurin kowa ba, ban faɗi sunanka ba, ba kuma zan faɗa ba, don shi ya hana ni. Amma Hamma ya ce ka tambaye shi ko yana da takalmin tafiyar daji da zai ara maka. Yaya, ina za ka?

Tun muna yara in ka fasa tulu sai ka riga kowa zuwa wurin Inna ka ba da labari mai daɗi, kafin a gama dariya an manta da tulun, ni a dake ni. Na yafe wannan tuntuni. Wannan karon ba tulu ba ne.

An ce wai wasa kuke yi da Malam, na jirgin da ya fi haske gudu. Ban san shi ba. In ka gudu da irin wannan saurin ma, ranar Sallah akwai yara biyu da za su zo gidanka yawon Sallah su tambayi ina Baba. Ka bar wa matarka amsar da za ta ba su.

Allah ya sa ka gama lafiya.
Ƙanwarka,
Hansai.

*

Batsari,
Talata, 28 ga Agusta, 1984, da hantsi.

Zuwa ga Alƙalin Taurari,

Assalamu alaikum, Malam. Gaisuwa cikakkiya yau, da kai, da iyali, da hedimasta, da duk wanda ya taɓa tambayar ka ni.

Amsarka ta jiya ta zo, layi ɗaya tak: "Takarda ba ta hawa motar Kaduna a madadin mutum." Na gode. Ta Hansai ta riga taka isowa, ita ba ta san gajarta magana ba.

Takalmin dajin yana nan, na saka shi sau biyu na cire. Jiya har na kai bakin burtali. Na tsaya ina kallon sawun jakuna, ina jin ƙafata tana cewa mu je. Abin da ya dawo da ni ba jarumta ba ce, kada ka rubuta haka a ko'ina. Na lissafa ne na ga in na tafi, rumbun yana nan, uwargida tana nan tana hura wuta kusa da shi, ba ta san abin da ke ƙasa ba.

Da gari ya waye na tara iyali na gaya musu. Na rushe rumbun da hannuna. Ni da Hamma muka ciro durorin da igiya muka ɗora a kan amalanken shanunsa. Ya ce zai kai ni har inda ake hango tanti, daga nan ya ba ni sanda in kora da kaina, don shi bai haɗa komai da soja ba. Ya ce in an riƙe ni a sako masa bijimansa, su ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ta tsakiyar gari za mu bi, da rana tsaka. Gara in kai musu da kaina da su tono. Ban sani ba ko wannan zai rage wani abu. Ɗan kasuwa dai ya san wanda ya kawo kaya da kansa ba a yi masa ciniki irin na wanda aka kama da su a ɓoye, amma ban taɓa ciniki da masu wannan dokar ba.

Tsoro kuwa, Malam, kada ka tambaya. Na yi alwala sau uku.

Saura abu ɗaya da ban gaya maka ba. 'Ya'yan lidon nan biyu da ka ba ni ka ce in riƙa jefawa ina rubuto maka abin da ya fito bisa amana, ban taɓa jefa su ba. Suna cikin gwangwanin shayi tun ranar. Duk goma da goma sha ɗayan nan daga kaina suke fitowa. Wani lokaci nakan rubuta takwas don kada ka yi zargi.

Yau na fito da su. Ga tafiyata ta ƙarshe, ka shigar:

Zinariya ba za ta yi tsalle ba. Ta kashe inji a gaban masu sintiri, ta kunna fitilunta duka, ta buɗe tankunanta. Kyaftin ya ce a saki ɗan aike. Na jefa a kan tabarma a gaban Hamma, ya duba da idonsa.

Uku.

Na san abin da uku take nufi a littafinka. Ga shanu nan an ɗaura.

Ka riƙa leƙa mini yara. Ka yafe mini.

Kyaftin,
Armaya'u ɗan Mani, Batsari.

*

Safana,
Juma'a, 7 ga Satumba, 1984.

Zuwa ga aminina Armaya'u,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Laftanan ya yarda a miƙa maka wannan, bayan ya karanta, don haka shi ma ina gaishe shi.

Sammani ya yi Sallah a gidansa. Shi ya yanka wa iyalinka rago kafin ya yanka nasa. Hansai ta ce in gaya maka ta soya maka naka kason, ta ajiye a tukunya ta rufe. Bijiman Hamma sun koma.

An ce rahotonka ya tafi Kaduna, an kuma rubuta a ciki cewa da ƙafarka ka zo. Amsa ba ta dawo ba. Kullum ina zuwa tambaya.

Maganar 'ya'yan lido, na daɗe da sani. Babu mai cin goma sha ɗaya sau talatin.

Maganar uku kuwa, na duba littafin daga bango zuwa bango sau biyu. Ya faɗi hukuncin jirgin da aka kama yana gudu. Bai ce komai ba game da kyaftin da ya kashe injinsa da kansa. Inda littafi ya yi shiru alƙali ke yankewa, ni kuma ba zan yanke ba sai kana zaune a gabana.

Zinariya tana nan inda ka tsayar da ita, fitilunta a kunne.

Naka,
Yusha'u.